Bututun inci 6 a kan bar 65: Sch 40 zai ɗauka, ko sai Sch 80?

Ɗan_Koyo

Assalamu alaikum manyanmu na wannan zaure. Ina roƙon a duba min wani lissafi kafin a fitar da takardar odar kaya ranar Litinin.

Layi ne na inci 6, tsawonsa wajen mita 120, yana ɗauko zazzafan dizal daga bakin famfo zuwa na'urar musayar zafi. Abin da ke kan takardar zane shi ne: matsi bar 65, zafi digiri 200, ƙarfen A106 Gr. B mara ɗinki, kason tsatsa (ƙarin kaurin da ake bari don tsatsa ta ci) milimita 3, kuma da ASME B31.3, kundin ƙa'idar bututun matatu da masana'antu, ake aiki. Na buga lissafi, kaurin da matsi ke buƙata ya fito milimita 3.89. Na ɗora 3 na tsatsa ya zama 6.89. Sch 40 (wato shedul, lambar kaurin jikin bututu) na inci 6 kaurinsa 7.11 ne, ke nan ya haye da ɗan kaɗan. Amma da takardar ta dawo daga wajen mai dubawa, sai na tarar ya soke Sch 40 da jan biro ya rubuta Sch 80, babu ko kalma ɗaya ta bayani, ga shi kuma ya yi tafiya. Bambancin nauyin ya fi tan ɗaya da rabi, kuɗi ne ba kaɗan ba.

A ina na kuskure? Sannan ƙananan rassan inci ¾ na zubar da ruwa da na fitar da iska, su ma shedul ɗaya za a ba su da uwar layin? Na ƙarshe, dilan ya ce XS (bututu mai ƙarin kauri) yake da shi a ƙasa, kuma akwai ERW (mai ɗinkin waldar lantarki) mai rahusa in ana so. Allah ya saka da alheri.

Tsohon_Hannu

Wa alaikumus salam ƙanena. Lissafinka daidai ne har inda ka tsaya, sai dai ka tsaya da wuri, saura taki ɗaya.

Bari in maimaita shi saboda masu bin zancen. Ga abin da B31.3 ya ba mu na miƙaƙƙen bututu mai matsi daga ciki, muddin kaurin bai kai kashi ɗaya bisa shida na faɗin waje ba:

t = (P × D) ÷ [2 × (S × E × W + P × Y)]

P shi ne matsin zane, bar 65, wato MPa 6.5. D faɗin waje, milimita 168.3. S shi ne nauyin da aka yarje wa ƙarfen ya ɗauka a zafin zane, na A106 Gr. B a digiri 200 MPa 138 ne. E darajar ɗinkin jikin bututu, mara ɗinki 1 ne. W sai zafi ya kai inda ƙarfe ke fara saki a hankali yake yin aiki, a nan shi ma 1 ne. Y kuma 0.4 ne ga irin wannan ƙarfe har zuwa digiri 482. A sama ka samu 1,094, a ƙasa 281.2, in ka raba 3.89. Ka ɗora 3, ka samu 6.89. Duk ka yi daidai.

Inda gizo ke saƙa shi ne 7.11 ɗin da ka gani a jadawali kaurin suna ne. Ƙa'idar A106 ta yarda masana'anta ta ba ka bututun da ya gaza wannan da kashi 12.5 cikin ɗari a ko'ina a jikinsa, kuma ba ka da bakin mayar musu da shi. Dalilin yana cikin yadda ake ƙera shi: dunƙulen ƙarfe ake gasawa har ya yi ja, a huda shi ta tsakiya, a miƙar. Hudar ba ta taɓa zama tsakiya cif, don haka gefe ɗaya kan fi ɗaya kauri. Saboda haka abin da za ka iya rantsuwa a kai a Sch 40 shi ne 7.11 × 0.875, wato 6.22. Cire 3 na tsatsa, saura 3.22, alhali matsi na neman 3.89. Ya gaza da 0.67.

Hanyar da aka saba bi ita ce a raba abin da ake buƙata da 0.875: 6.89 ÷ 0.875 = 7.87. Rabawa ake yi, ka kiyaye. Wasu kan ninka da 1.125 su samu 7.75, suna zaton duk ɗaya ne, kuma wata rana wannan ɗan bambancin ne zai tsallakar da shedul ɗin da bai kamata ya wuce ba. Da 7.87 a hannunka sai ka koma jadawalin girma da kaurin bututu na B36.10M ka ɗauki na farkon da ya fi shi. Inci 6 ba shi da Sch 60, daga 40 sai 80, mai kaurin 10.97. Shi ke nan abin da mai dubawar ya gani.

In ka juya lissafin ka tambayi kowane bututu nawa zai ɗauka ranar da tsatsa ta gama cinye kasonta, Sch 40 zai tsaya a wajen bar 53, Sch 80 kuma wajen bar 111.

Lambar shedul ita kaɗai ba ta faɗa maka kauri, sai ka haɗa ta da girman bututun. Sch 40 a inci 2 kaurinsa 3.91, a inci 4 kuma 6.02, a inci 12 ya kai 10.31. Faɗin waje ba ya canzawa ko wane shedul ka ɗauka, cikin ne ke tsukewa. Asalin lambar tun shekarun 1930 a Amurka ƙiyasi ne na 1,000 × P ÷ S. Gwada naka ka gani: 1,000 × 6.5 ÷ 138 ya ba da 47. Ko wannan lissafin kan yatsa ya ishe ka ka yi shakkar 40, amma ba a sa hannu a takarda da shi.

Maganar XS: a inci 6, XS da Sch 80 abu ɗaya ne, ka karɓa. Kada dai ka mayar da shi doka. XS na tafiya da Sch 80 har inci 8 ne kawai, daga nan ya tsaya a 12.70 komai girman bututu, alhali Sch 80 na inci 10 ya kai 15.09, na inci 12 kuma 17.48. Haka STD (kaurin yau da kullum) da Sch 40, tafiyarsu ɗaya har inci 10, daga 12 STD ya maƙale a 9.53. Mafita ita ce a rubuta uku duka a takardar oda: faɗin waje, shedul, da kaurin da milimita.

ERW kuwa E ɗinsa 0.85 ne. Kaurin matsi zai koma 4.56, abin da za ka nema a jadawali 8.64, don haka Sch 80 ya rufe shi ta fuskar lissafi. Amma takardarka mara ɗinki ta ce, kuma A106 ba shi da na ERW sam, duk wanda ya kawo maka mai ɗinki da tambarin A106 ka san da walakin. Canza shi zuwa A53 sai da rubutaccen izinin mai zanen. Akwai kuma A53 nau'in F mai E 0.60, wannan na ruwa ne da iska marasa haɗari, kada ya kusanci layin mai.

Ka kuma riƙa duba S a daidai zafinka. Na wannan ƙarfen yana 138 har digiri 200, ya sauko wajen 126 a 300, ya faɗi kusan 95 a 400. Daga 427 zuwa sama ba a barin baƙin ƙarfe ya daɗe, sai a koma irin su A335 P11 masu kuromiyam.

Injiniya_Uwani

Baba Tsohon_Hannu ya gama da lissafin, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan taɓa lambobin da aka zuba cikinsa, don su ne suka fi ba da matsala.

Da farko bar 65 ɗin nan daga ina ta fito? Layin da ke bakin famfo, matsin zanensa dole ya rufe ranar da wani ya kulle bawul ɗin gaba famfo na gudu. A duba takardar famfon, a ɗauki matsin da yake kaiwa in babu inda mai zai bi, a ɗora mafi girman matsin da ke shigowa ta bakin tsotsonsa. In 65 ɗin an same ta ne ta hanyar ƙara kashi goma a kan matsin aikin yau da kullum, to akwai sauran aiki.

Na biyu filanji, wato faifan haɗa bututu da kusoshi. A bar 65 da digiri 200, aji 300 na ƙa'idar filanji ta B16.5 ba zai yi ba, don na ƙarfen A105 a wannan zafin bar 43.8 yake ɗauka. Sai aji 600, mai bar 87.6 a digiri 200 da 102.1 a digiri 38. Yawancin kamfanoni ba sa lissafa kaurin kowane layi shi kaɗai. Suna lissafa bututun ajin gaba ɗaya a kan iyakar filanjinsa, don gobe in an ƙara matsi ko an ɗauko bututu daga sito an kai wani layin, bututun kada ya zama shi ne raunin. Gwada da bar 102.1: kaurin matsi 6.05, da tsatsa 9.05, in ka raba da 0.875 ka samu 10.34. Sch 80 mai 10.97 ya rufe ajin 600 kaf ɗinsa. Ina kyautata zaton wannan ma yana cikin kan mai jan biron.

Na uku kason tsatsa, kuma a nan ne kuɗin da kake tausayi yake. Da 1.5 aka rubuta maimakon 3, lissafin zai ba da 6.16, Sch 40 ya wuce lafiya lau. Milimita 3 a shekara 20 na nufin an yi tsammanin 0.15 za ta riƙa tafiya kowace shekara. Ko hakan ya yi yawa ko ya yi kaɗan, amsar tana wajen mai kula da zaɓen ƙarfe, shi ya san yawan farar wuta da ruwa da asid ɗin da ke cikin man. Kana da damar ka tambaye shi a rubuce. Ba ka da damar rage lambar don ta yi daidai da abin da ke sito.

Zancen A53 da Baba ya taɓo yana da wata fuska. A106 ya wajabta silikon aƙalla kashi 0.10 cikin ɗari, A53 bai wajabta ba, kuma baƙin ƙarfe mai ƙarancin silikon farar wuta ta fi saurin cinye shi in zafi ya haura wajen digiri 260. Gobarar matatar Chevron ta Richmond a Kalifoniya ranar 6 ga Agusta 2012 daga nan ta taso: wani guntun bututun inci 8 mai ƙarancin silikon ya siraice har ya rasa kusan kashi 90 na kaurinsa, alhali guntayen da ake aunawa a layin ba su nuna irin wannan cin ba. Layinka bai kai wannan zafin ba, amma ragowar bututu ba ta zama a sito, wata rana za a kai ta inda ya kai.

Sai abin da ƙarin kauri ke jawowa, don ba kyauta yake zuwa ba. Faɗin cikin Sch 40 milimita 154.1 ne, na Sch 80 kuma 146.4. Hanyar mai ta ragu da kashi 10, gudunsa ya ƙaru da kashi 11, asarar matsi ta gogayya kuma ta hau da wajen kashi 29. In mai lissafin famfo da cikin Sch 40 ya yi aiki, a mayar masa ya sake. Nauyi ya tashi daga kilo 28.3 zuwa 42.6 a kowace mita, a duba matokarai. Sannan baƙin ƙarfe in ya tashi daga zafin gari zuwa digiri 200 yana miƙewa fiye da milimita 2 a kowace mita, layin mita 120 zai ƙara kusan santimita 25. Kauri ba ya rage wannan miƙewar ko kaɗan, ƙara wa bututun taurin kai kawai yake yi, sai ya tura bakin famfo da ƙarfin da ya fi na da kusan rabi. Famfon da ake tura wa irin wannan nauyi shi ne za ka ga kullum ana canza masa sil da boris ba a san dalili ba. Shi ya sa ɗaukar Sch 160 "don a huta" ba hutu ba ne.

Oga_Walda

Injiniya, ƙananan rassan nan su ne za su ba ka mamaki, don sun fi uwar layin neman shedul.

Inci ¾ faɗin wajensa 26.7. A bar 65 matsi 0.62 kawai yake nema. Amma tsatsa ba ruwanta da ƙanƙantar bututu, 3 ɗinta za ta ci. Sch 40 na ¾ gaba ɗaya kaurinsa 2.87, bai ma kai kason tsatsar ba. In waldar soket za a yi (inda ake zura bututu cikin bakin mahaɗi a yi walda), 3.62 ÷ 0.875 ya ba da 4.14, Sch 80 mai 3.91 ya faɗi, sai Sch 160 mai 5.56. In kuwa haƙora za a yanka masa, zurfin haƙoran NPT a wannan girman 1.45 ne, shi ma a kan kauri ake cire shi. Jimla 5.07, a raba da 0.875 ya zama 5.79, Sch 160 ma ya faɗi, sai XXS, wanda ya fi su kauri, mai 7.82. Ka ga dalilin da ya sa a layin mai ba a son haƙora kafin bawul na farko. Kayan haɗin su ma su bi: soket mai aji 3000 abokin Sch 80 ne, na Sch 160 shi ne aji 6000.

Kuma galibin rassan nan ba matsi ke kashe su ba, girgiza ce. An ɗora bawul mai nauyi a kan dogon siririn wuya kusa da famfo, yana ta kaɗawa dare da rana, sai ya tsage daidai gindin walda. A gajarta wuyan iya yadda rufin zafi zai bari, a ɗaure shi da ƙarfen tallafi ta fuska biyu a jikin uwar layin kanta. Wajen haɗa soket kuma a tura bututun ya taɓa ƙasa, a ja shi baya kamar milimita ɗaya da rabi kafin a ɗiga walda. In an bar shi a dunƙule, zafi na zuwa ya miƙe ba wurin tafiya, waldar ce za ta biya.

In akwai reshe babba, misali inci 2, kada a ce wa mai walda ya huda kawai ya dasa. Ramin da aka yanke ya tafi da ƙarfen da ke riƙe matsi, dole a nuna inda aka mayar da shi. A lissafin B31.3, reshen inci 2 Sch 80 a kan layinka yana neman murabba'in milimita wajen 220. Rarar jikin uwar layin, bayan an cire na matsi da na tsatsa, wajen 153 take bayarwa, abin da reshen da waldar za su ƙara kuma bai cike gibin ba. Sai an sa faci mai kewaye ramin, ko a sayi weldolet (mahaɗin reshe mai zuwa da kaurinsa), ko ti. Da Sch 40 aka yi, rarar ma babu ita.

Gwiwoyi: waɗanda aka saya na B16.9 a rubuta musu shedul ɗaya da bututun, magana ta ƙare. In lanƙwasa bututun za a yi da inji, gefen waje na lanƙwasar yana siraicewa. Ƙiyasin da ke cikin B31.1, kundin bututun tururi, shi ne a fara da kaurin da ya fi abin da ake buƙata da kashi 8 in radiyos ɗin lanƙwasar ninki biyar ne na faɗin bututun, da kashi 25 in ninki uku ne. Bayan an lanƙwasa a auna bayan, a kuma auna yadda ya baje, kada bambancin faɗin ya wuce kashi 8.

Abin da ya fi yawan tsayar da aiki a fili shi ne filanji mai wuya. Shi ma da shedul ake odarsa, don ramin cikinsa ya dace da na bututu. An canza bututu zuwa Sch 80 an manta filanji a Sch 40, ranar haɗawa sai a ga tudu na kusan milimita 4 a zagaye ta ciki. Tushen walda ba zai kama da kyau ba, hoton walda zai faɗi. Gyaransa a goge cikin mai kaurin a yi masa gangare mai laushi, kada ya fi digiri 30 tsayuwa, amma wuyan filanjin Sch 40 ɗin yana nan da siririn kaurinsa, wanda lissafi ya riga ya kayar. Tunda ba a fitar da oda ba, ka bi takardar layi-layi: gwiwa, ti, ridusa, filanji, hula, duk a canza.

Kada kuma wani ya ce maka ai za a yi gwajin ruwa, in ya riƙe shi ke nan. Gwajin naku ninki ɗaya da rabi ne, bar 97.5, aƙalla minti goma. Sabon Sch 40 zai cinye wannan gwajin yana dariya, don nauyin da zai hau jikinsa wajen MPa 132 ne, ƙarfen kuma sai 240 yake fara saki. Gwajin ruwa na nuna walda ba ta yoyo yau. Kaurin shekara goma sha biyar masu zuwa lissafi ne kaɗai ke nuna shi. In an gama gwajin a buɗe mafitar iska ta sama kafin a saki ruwan ta ƙasa. Inci 6 Sch 80 ba zai damu ba, amma babban bututu mai siririn jiki yana iya lotsewa kamar gwangwanin madara.

Malam_Damagaram

Sannunku da ƙoƙari. Tawa gudummawar a kan ranar da mota ta sauke kaya ce, don shedul ɗin da ke kan takarda daban, wanda ke kwance a ƙasa daban.

A kasuwanninmu, daga Kano har nan wajenmu, "inci 6" suna ne da bututu aƙalla uku ke amsawa. Na ASME faɗin wajensa 168.3. Na tsohuwar ƙa'idar Ingila BS 1387, wanda yanzu EN 10255 ta maye gurbinta, irin na ruwan famfo mai zoben fenti shuɗi ko ja a baki, 165.1 ne, kuma mai jan zoben ma kaurinsa 5.4 kacal. Injinan da ake shigowa da su daga Sin kuma sau da yawa DN 150 ɗinsu (wato inci 6 a tsarin milimita) 159 ne, DN 100 kuma 108 maimakon 114.3. A inci 2½ ma haka, na Amurka 73.0, na Turai 76.1. A Nijar takardun da suka bi tsarin Faransa ba sa ambaton shedul, faɗi da kauri suke rubutawa kai tsaye, kamar 168,3 × 7,1. Wanda bai lura ba ya ce a kawo DN 150 kawai, sai a kawo masa mai kaurin 4,5, don shi ne na yau da kullum a wancan tsarin.

In kaya sun iso, a fara karanta rubutun jikin kowane bututu: sunan masana'anta, A106 B, girma, shedul, da lambar narkin ƙarfen. Wannan lambar a nemo ta a takardar shaidar masana'anta, irin 3.1 ta EN 10204. Lamba ɗaya a kan bututu ɗari masu launi daban-daban, ko fentin rubutu da bai gama bushewa ba a kan tsohon ƙarfe, ba sai an faɗa maka ba. A leƙa ciki da tocila, mai ɗinki ko an goge wajensa layin yakan nuna ta ciki.

Sai awo. Bakin bututu kaɗai ba ya isa, a sa na'urar auna kauri mai aiki da sauti a baki biyu da tsakiya, kowane wuri fuska huɗu. Sch 80 kada ko'ina ya gaza 9.60. A kankare fenti a wurin awon ko a yi amfani da na'urar da ke tsallake shi, in ba haka ba fentin zai ƙara maka kaurin da babu shi. Sikeli ma shaida ne mai arha: mita 6 na Sch 80 kilo 255 ne, na Sch 40 kuma 170. A106 bai yarda nauyi ya gaza da fiye da kashi 3.5 ba, don haka sandar mita 6 da ta sauko ƙasa da kilo 246 a ware ta gefe.

Ɗan_Koyo

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na gyara takardar, rassan ¾ sun koma Sch 160 na soket, filanji shida kuwa duk a Sch 40 suke, na canza su. Matsin famfon na tura wa masu shi su tabbatar.

Wata ƙaramar tambaya, ranka ya daɗe Tsohon_Hannu. Na gwada wannan lissafin a kan layin tururi na injin gyaran shinkafa, inci 4 a bar 10, sai ya ba ni ƙasa da rabin milimita. To me ya sa ake sa Sch 40 a wurin?

Tsohon_Hannu

Daidai ka samu, 0.48 in ka bi B31.1, wanda shi ne na bututun tukunyar tururi. A can S na wannan ƙarfen 118 ne, don sun raba ƙarfin tsinkewarsa da 3.5, B31.3 kuma da 3. Kada ka ɗauki S daga wannan kundin ka kai wancan.

A ƙaramin matsi irin wannan ba matsi ke yanke hukunci ba. Bututun dole ya ɗauki kansa da rufinsa tsakanin matokarai, kuma tazarar da aka saba bayarwa, mita 4.3 ga inci 4 mai ruwa a ciki, an gina ta ne a kan kaurin STD. Dole ya karɓi walda ba tare da ya ɓule ba, ya jure mutumin da zai taka shi, ya kuma jure bugun ruwa da safe in an buɗe tururi a kan layin da ruwa ya kwana a ciki. Layin da ke mayar da ruwan tururin tukunya ma Sch 80 ake ba shi duk da matsinsa bai kai ko'ina ba, saboda iskar kabon da ke narkewa a cikinsa tana mayar da shi ɗan asid, ta yi ta sassaƙar ƙasan bututun kamar kwata.

Komawa ga layinka na inci 6: kafin a rufe shi, a zaɓi wuraren awo a sa musu lamba, bayan gwiwar farko daga famfo, ƙasan wuraren da mai ke kwanciya, da gaban bawul mai daidaita gudu. A rubuta kaurin ranar farko, don 10.97 na jadawali ba shi za ka tarar ba. A ce ka samu 10.6, bayan shekara biyar ka dawo ka samu 9.6. Ana cin 0.2 ke nan a shekara, kuma tsakanin 9.6 da 3.89 akwai shekara 28. API 570, kundin duba bututun da ke kan aiki, ya ce awo na gaba kada ya wuce rabin wannan, ko shekara biyar zuwa goma gwargwadon ajin layin, duk wanda ya fi kusa. In da zafinsa za a auna, a rage kashi ɗaya cikin ɗari na abin da na'ura ta nuna a kan kowane digiri 55, don zazzafan ƙarfe yana nuna kaurin da ya fi nasa. Ramukan awon da aka yanka a jikin rufin kuma a mayar musu da murfi, in ba haka ba ruwan damina ta nan zai shiga ya kwanta a kan rassan ¾ ɗin nan, waɗanda ba sa ɗaukar zafin da zai busar da shi.